Waiwaye: Aberfan, ƙauyen da tsibin sharar kwal ya binne makarantarsa

Wanda ya bi hanyar A470 daga Cardiff zuwa Merthyr Tydfil a kudancin Wales da ke Birtaniya, zai hango wasu fararen duwatsu masu siffar baka jere a gefen tudu. Kaburburan yara ne a makabartar Bryntaf, ƙauyen da ke ƙasansu kuwa shi ne Aberfan.

Kafin zuwan kwal, gonaki ne kawai a wannan kwari na kogin Taff. A 1869 wani attajiri, John Nixon, ya soma haƙa mahaƙar da aka sani da Merthyr Vale, kwal ya fara fitowa a 1875. Nan da nan leburori suka kwararo, aka gina musu gidaje layi-layi, bango na jikin bango. Duk abin da aka tono wanda ba ya sayuwa, tsakuwa da laka da ƙurar kwal, sai a hau da shi kan tudun da ke bisa ƙauyen a zubar. Haka aka yi ta yi har tsibi bakwai suka taru. Ko da gwamnati ta karɓe mahaƙun ƙasar a 1947 ta danƙa su ga Hukumar Kwal ta Ƙasa, ba a sake hali ba.

Tsibi na bakwai, wanda aka fara a 1958, ya kai tsawon mita 34, kuma a kan idon ruwa aka jibge shi, ruwan da ke zane ɓaro-ɓaro a taswirar gwamnati. Tun 1963 ƙaramar hukuma ke rubuta takardun koke cewa akwai haɗari a bayan makarantar firamare ta Pantglas. Aka yi kunnen uwar shegu da su.

Ranar Juma'a 21 ga Oktoba 1966, bayan an sha ruwan sama na makonni, tsibin ya zame wajen ƙarfe tara da kwata na safe. Ranar ce ta ƙarshe kafin hutun tsakiyar zango, yara ba su daɗe da shiga aji ba. Baƙar laka ta share gidajen gona biyu, ta tsallaka tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, ta afka wa makarantar da gidajen da ke kusa. Mutum 144 suka rasu, 116 daga ciki yara. Mahaƙa suka fito daga rami suna tono da shebur da hannu, amma bayan ƙarfe sha ɗaya ba a ƙara fito da mai rai ba. A majami'ar Bethania aka jera gawawwaki, iyaye na shiga suna neman nasu.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ci wa mutanen Aberfan tuwo a ƙwarya. Shugaban Hukumar Kwal, Lord Robens, bai taka ƙauyen ba sai washegari, domin ya fara zuwa bikin naɗa shi uban Jami'ar Surrey. Kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Edmund Davies ya yi zaman kwana 76, ya ɗora laifin kacokan a kan hukumar, amma ba wanda aka kora, ba wanda ya ga kotu. Diyyar kowane yaro fam 500. Jama'a daga sassan duniya sun tara gudummawar kusan fam miliyan 1.75, sai ga shi da iyaye suka dage a kwashe sauran tsibin, har suka kai buhunan lakar suka zube a ofishin gwamnati da ke Cardiff, an tilasta wa asusun nan biyan fam 150,000 cikin kuɗin aikin. Wato an sa masu makoki su biya kuɗin share ɓarnar da aka yi musu. Sai a 1997 aka mayar da kuɗin, ba ko sisi a kai duk da shekara kusan talatin, kafin gwamnatin Wales ta ƙara fam miliyan 2 a 2007.

An rufe mahaƙar a 1989. A filin makarantar yanzu lambun tunawa ne, an shimfiɗa shi bisa tsarin azuzuwan da suka rushe, kusa da shi kuma akwai cibiyar al'umma da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 1973. Ita ma ta sha suka saboda sai bayan kwana takwas ta je ta'aziyya, ko da yake ta yi ta komawa daga baya. Tudun ya yi kore shar, baƙo ba zai ce an taɓa jibge wani abu a kansa ba.

Dokar kula da irin waɗannan tsibin ta fito a 1969, sai dai har yau akwai fiye da dubu biyu warwatse a Wales. A Fabrairun 2020 guda ya zame a Tylorstown da ke kwarin Rhondda bayan mamakon ruwa, Allah ya taƙaita, cikin kogi ya zube.