Waiwaye: Yadda malaman lissafi a Zamfara suka koma koyo a hannun juna ta waya

Wani dare bayan isha'i, wata malamar aji uku ta turo hoton littafin ɗalibinta a zaurenmu na WhatsApp, wanda malaman lissafin yankinmu a Gusau ke ciki. An ba yaron 52 a ɗebe 27, ya rubuta 35. Ta ce ba shi kaɗai ba ne, kuma ta maimaita darasin har ta gaji. Can sai ga saƙon murya daga wani dattijon malami da ya kusa ritaya: "Malama, ba shirme suke yi ba. Duk inda suka ga ƙaramar lamba, ita suke cirewa daga babba. Gobe ki sa su zo da tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma. Ki ba su ɗauri biyar da tsinke biyu, ki ce su miƙo miki bakwai, sannan ki yi shiru. Da kansu za su kwance ɗauri ɗaya." Abin da muke kira aro ke nan, wanda da yawanmu haddace shi muka yi ba tare da mun san dalilinsa ba.

Wayar ce sabuwa a wannan labarin, amma matsalar ta tsufa. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, Zamfara na cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan, aka riƙa ɗaukar duk wanda ya iya riƙe alli. A shekarar ne aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin malami ya ƙaro ilimi daga nesa yana kan aikinsa. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin tarayya ta soke "lissafin zamani" da aka shigo da shi makarantu, wanda malamai da dama suka yi ta fama da shi ba tare da isasshen horo ba. A wancan zamanin sabon malami a ƙauye ba shi da makoya sai hedimasta, ko wani tsohon hannu da za su zauna a gindin bedi lokacin tara. Ƙungiyar masana lissafi ta Najeriya, MAN, tana nan tun 1961, sai dai tarukanta sun yi wa malamin firamaren karkara nisa.

Bayan ƙaddamar da UBE, shirin ilimin matakin farko na bai-ɗaya, a Sakkwato a 1999, sai aka shiga zamanin bita. A 2006 shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya ya zo da tallafin hukumar JICA ta Japan, ya fara a Kaduna da Neja da Filato kafin a faɗaɗa shi. Koyarwarsa mai kyau ce: yaro ya taɓa abu da hannunsa, malami ya ƙirƙiri kayan aiki daga abin da ke kusa, marafan kwalba ne ko duwatsu. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar isar da saƙon. A horar da 'yan kaɗan a sama, su horar da na jiha, su kuma su horar da na ƙaramar hukuma. Kafin ruwan ya kai ƙarshen fadama ƙasa ta sha rabinsa. Kuma mu faɗi gaskiya, wasunmu alawus ne ya kai mu bitar, shi ya sa takardun suka ƙare a ƙasan akwati.

A ganina shirin da ya sauya lissafin shi ne TDP na horar da malamai, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2013, ya fara da Jigawa da Katsina da Zamfara. Ya haɗa malaman makarantun da ke kusa da juna su riƙa zama lokaci-lokaci, ya kuma ba da waya mai ɗauke da bidiyon darussa, wadda ba ta buƙatar intanet. Malami ya ga ɗan'uwansa a aji irin nasa, mai cunkoso, yana koyar da rabawa, ya mayar da bidiyon baya ya sake kallo. Nan ne da yawa suka fara ɗaukar waya a matsayin kayan aiki. Shirin ya naɗe tabarmarsa a 2019, kuɗin mota ya tsaya, zaman ma ya yi sanyi. Abin da ya rage shi ne zaurukan da tun farko aka buɗe don sanar da ranar taro da labarin alawus. Da korona ta rufe makarantu a Maris na 2020, a cikinsu aka ci gaba da gaisawa da tambaya.

Sai 2021 ta zo. A Fabrairu aka sace ɗalibai mata a Jangebe. A farkon Satumba aka kwashi na Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, kwana biyu bayan haka aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar. Hanya ba ta biyuwa, waya ba ta shiga. Gusau ta samu nata bayan kusan wata guda, sauran wurare suka ƙara jira. Malamin da ya fi buƙatar abokin shawara, wanda aka tura makarantar da ba mai son zuwa, shi ne na farkon da ya ɓace daga zauren, kuma har yau shi ne mai hawa tudu neman sabis bayan ya biya mai caji.

Ba zan yabi zaurukan fiye da kima ba. Barka da Juma'a da jita-jitar albashi sun fi tambayar lissafi yawa, lokacin jarrabawa kuma sai shugaban zaure ya yi ta goge abin da masu neman satar amsa ke turowa. Akwai kunya ma. Mai takardar NCE ba ya son ya ce a gaban mutum sittin bai gane kason lamba ba, don haka tambayar gaske ta bayan fage take bi, zuwa ga wanda aka amince da shi. Malamai mata sun fi yin haka. Sannan hoto littafi kawai yake nunawa. Ba wanda ya ga yadda aka tsaya gaban allo, ko yaran layin baya sun ji.

Mako guda bayan wancan daren malamar ta dawo da wani hoton: 403 a ɗebe 168, sifili a tsakiya, yara sun sake cijewa. Dattijon ya ce ta nemo igiya, a haɗa ɗauri goma ya zama dami ɗaya, ta ajiye dami huɗu da tsinke uku a kan tebur, ta ce su ba ta takwas.