Shirin ko-ta-kwana na sojojin sama: tambayoyi da amsoshi

Idan jirgin yaƙi ya keta sararin Kaduna ko Maiduguri, mu da ke ƙasa ƙararsa kawai muke ji. Ba ma ganin shekarun horon da ke bayan wanda ke ciki, horon da yawancinsa na ranar da abu zai lalace ne.

Me ake nufi da shirin ko-ta-kwana a rundunar sojin sama?

Ba yawan jirage ake nufi ba. Rundunar Sojin Saman Najeriya, wadda aka kafa a 1964, tana da jirage irin su Alpha Jet da kuma A-29 Super Tucano guda 12 da suka iso daga Amurka a 2021. Amma jirgin da ke ajiye yana jiran kayan gyara ba ya cikin lissafi, haka ma matuƙin da ya yi watanni bai tashi ba, domin hannu yana mantuwa. Abin da kwamanda ke son sani shi ne: in aka buga waya yanzu, jirage nawa za su iya tashi, kuma cikin minti nawa? Amsar ta fi dogara da makanikai da masu ɗora makamai da masu zuba mai, mutanen da ba a cika ambatonsu ba, alhali sa hannunsu ne ke ba jirgi izinin barin ƙasa.

Me ya sa ake tilasta wa matuƙi haddace matakan gaggawa?

Saboda idan injin ya kama wuta babu lokacin buɗe littafi. Akwai wasu matakai ƙalilan da dole ya riƙe su a ka, kalma da kalma, kamar yadda almajiri ke riƙe allonsa, har hannunsa ya riga tunaninsa isa wurin. Ana maimaita su a na'urar kwaikwayon tuƙi, inda malami zai kashe masa injin ba zato ya ga abin da zai yi. Sauran matakan, waɗanda ba su da saurin kisa, su ake karantawa daga takarda.

Mene ne haɗarin da matuƙi ba ya gani?

Ƙarancin iskar oksijin. A tsayin ƙafa 25,000, idan abin shaƙar iskarsa ya lalace, minti uku zuwa biyar kawai yake da shi cikin hayyacinsa. A ƙafa 35,000 kuwa bai fi minti ɗaya ba. Abin tsoron shi ne mutum ba ya jin zafi, wani ma daɗi yake ji, yana ɗaukan komai lafiya. Shi ya sa ake koya wa kowa ya gane alamomin jikinsa: jiri, sagewar yatsu, ko gani ya fara dushewa. Akwai kuma juyin jirgi mai tsanani da ke janye jini daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. Maganinsa wando na musamman mai matse cinya da ciki, da kuma dabarar ɗaure tsokoki da sarrafa numfashi.

Idan jirgi ya gagara, sai me?

Sai kujerar da ke cilla matuƙi waje. Yana jan hannunta, cikin ƙiftawar ido roka ta harba shi sama, lema ta buɗe. Ƙarfin harbin yakan ji wa wasu ciwo a ƙashin baya, don haka ake koya musu su miƙe baya su manne kai da kujera kafin su ja. To amma sauka ƙasa rabin aikin ne.

A ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a jihar Zamfara yana dawowa daga kai farmaki. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya cilla kansa ya sauka a yankin da maharan ke iko da shi, suna farautarsa. Bisa bayanin rundunar, ya ɓuya har rana ta faɗi, sannan ya yi tafiya cikin duhu yana duba hanya da wayarsa, har ya kai ga wani sansanin sojin ƙasa. A ganina, abin da ya fi burgewa a labarin nan shi ne haƙurin jira. Zuciya za ta ce ka ruga da gudu tsakar rana, horo kuma ya ce ka kwanta ka yi shiru, ka adana ruwan jikinka, ka bari dare ya rufa maka asiri.

Wanda ba ya tuƙi fa, me ake koya masa?

Taimakon farko, da kashe gobara, da tsaron sansani. Zubar jini daga babbar jijiyar hannu ko ƙafa na iya kashe mutum cikin 'yan mintuna, tun kafin likita ya iso. Ana koya wa soja ɗaura ɗamarar tsai da jini sama da raunin, ya murɗa har jinin ya tsaya, ya rubuta lokacin da ya ɗaura. Wajibi ne ya iya yi wa kansa da hannu ɗaya.

Yanayi yana cikin abin da ake shiryawa?

Ƙwarai. Hazon hunturu a Arewa yakan rufe filin sauka, hadarin damina kuma ya fi shi mugunta. A ranar 21 ga Mayu, 2021, jirgin rundunar ƙirar King Air 350 ya faɗi a Kaduna cikin mummunan yanayi, mutum 11 suka rasu, har da Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru. Allah ya jiƙansu. Shi ya sa tun kafin tashi matuƙi ke zaɓar filin da zai karkata in hanya ta rufe, ya ɗebi man da zai kai shi can. Kuma dole ƙaramin hafsa ya samu bakin ce wa babba: "Ranka ya daɗe, yau sama ba ta tashuwa," babban kuma ya saurara.