Wa ke kaɗa wa ciki ƙararrawa? Tambayoyi kan yunwa da ƙoshi

Daga ina yunwa take tasowa, ciki ko kai?

Ciki ne ke kai ƙara, ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, likitoci na kiransa haifotalamas. A nan ake tattara rahoto daga tumbi da hanji da kitsen jiki. Idan tumbi ya daɗe ba komai, sai ya zuba wani sinadari mai suna girelin cikin jini, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999. Da ya isa kai, sai ka ji ka fara tunanin tukunya.

To me ya sa a azumi yunwar azahar take ciwo, zuwa la'asar kuma ta lafa, alhali ba a ci komai ba?

Saboda girelin yana bin agogon da ka saba masa. Ɗalibin jami'a a Samaru ta Zariya da ya saba cin shinkafa da wake ƙarfe ɗaya, sinadarin zai hau kafin lokacin ko da ya karya da kyau. Idan abincin bai zo ba, bayan ɗan lokaci sai ya sauka da kansa, jiki ya koma ga ajiyar da ke hanta da kitse. Yunwa zuwa take kamar hadari, ta taso ta washe. Shi ya sa kwanakin farko na Ramadan suka fi wuya ga mutane da yawa, kafin jiki ya gane cewa lokacin cin ya koma magariba da asuba.

Yaya jiki yake sanin ya ƙoshi?

Nan ne aka fi cutuwa. Idan tumbi ya buɗe, wata doguwar jijiya da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa tana kai labari. Sannan idan abinci ya gangara ƙaramin hanji, hanjin yana sakin nasa sinadaran, irin su CCK da GLP-1, masu cewa a dakata. Matsalar ita ce saƙon ba ya isa nan take, yakan ɗauki kamar minti 20.

Dubi tabarmar buɗa-baki a cikin birni: dabino, kofin kunun tsamiya, ƙosai shida, dankali da ƙwai, duk cikin minti goma. Kafin saƙon hanji ya iso an riga an zarce, sai a miƙe sallar asham ana nishi. Wanda ya sha ruwa da dabino, ya yi magariba, ya dawo, ya ba jikinsa lokacin magana.

Irin abincin ma yana da tasiri. Ɗanwake, alale, ƙwai, fura da nono suna daɗewa a ciki, suna kuma sa hanji ya yi magana da ƙarfi. Farin burodi da shayin da aka cika wa suga kuwa, ƙarfe goma sha ɗaya ba ta yi ciki ya sake kuka. Lemon kwalba ya fi muni: yana shiga da suga mai yawa, amma jiki ba ya lissafa shi yadda yake lissafa abin da aka tauna.

Na ci tuwo na ƙoshi, amma na bi ta unguwar PZ a Zariya na ji ƙanshin tsire, yawuna ya tsinke. Wannan fa?

Wannan kwaɗayi ne, kuma hanyarsa daban a ƙwaƙwalwa. Sashen da ke kula da jin daɗi yana aiki da sinadarin dofamin, yana kuma tuna inda ka taɓa samun maiƙo da gishiri da zaƙi. Ƙanshi kaɗai ya isa ya tayar da shi. Mai tsire bai karanta wannan a littafi ba, amma ya san dalilin da ya sa yake kafa tukubarsa a bakin titi.

Shin mai ƙiba rashin haƙuri ne ke damunsa?

A ganina wannan zargi akwai zalunci a ciki. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Amurka suka gano leftin, sinadarin da kitse ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar jiki. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka ba da labarin wasu yara biyu 'yan uwan juna da aka haifa jikinsu ba ya yin leftin. Kullum cikin yunwa suke, ga ƙiba mai tsanani tun suna ƙanana. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar sinadarin, cin ya ragu, ƙibar ta zabge.

Irin wannan larura ba ta da yawa. Galibin masu ƙiba leftin ɗinsu ma yawa gare shi, ƙwaƙwalwar ce ta daina saurarensa sosai. Idan kuma mutum ya rage cin abinci ya rame, leftin yana faɗuwa, girelin ya hau, jiki ya ɗauka fari aka shiga. Dalilin da ya sa sauke nauyi ya fi hana shi dawowa sauƙi ke nan.

Barci yana da hannu?

Ƙwarai. Ƙarancin barci yana ƙara sha'awar abinci, musamman mai zaƙi da maiƙo. Mai kwana kan waya ya lura da abin da ransa ke so washegari.

Magungunan buɗe ciki da 'yan mata ke sha don su yi jiki fa?

Abin da ake kira "sha ka fashe" yawanci magani ne na wata cuta daban, ake sha don illarsa. Wani maganin ƙaiƙayi ne da ke ƙara cin abinci, ya kuma sa barci. Wani kuma, irin su dezametason, yana kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya ɗaga hawan jini da suga, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana shan irinsa kada ta yanke lokaci guda, domin hakan ma haɗari ne, likita ne zai rage mata a hankali.

Yaushe canjin cin abinci yake zama abin zuwa asibiti?

Idan kana ci sosai amma kana ramewa, ga ƙishirwa da yawan fitsari, a gwada suga. Idan bakinka ya mutu makonni, ga tari da zufar dare, a duba tarin fuka, gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Tsohon da ya fara ture kwano ba gaira ba dalili shi ma a kai shi, ko asibitin unguwa ko asibitin koyarwa na Shika, kada a tsaya sayo masa maganin ƙarin jini a kemis.