Ma'anar jirgin ruwa gidan tarihi, da yadda manyan jiragen yaƙi suke zama haka

Jirgin ruwa gidan tarihi shi ne jirgin da ya gama aikin da aka ƙera shi dominsa, aka sallame shi daga hidima, sannan maimakon a sayar da shi ga masu yanka ƙarfe, aka ɗaure shi wuri guda aka buɗe ƙofarsa ga jama'a domin su shiga su gani su kuma ilimantu. A gidan tarihin da aka saba gani, gini daban ne, kayan da aka jera cikinsa kuma daban, amma a nan jirgin shi ne ginin, shi ne kuma abin kallon, tun daga ɗakin injin har zuwa gadajen da sojoji suka kwana a kansu. Kowane irin jirgi yana iya samun wannan matsayi, na fasinja ko na kaya ko mai nutso, sai dai waɗanda suka fi wuyar riƙo su ne manyan jiragen yaƙi masu sulke da igwa.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan gwama su da shi, kuma ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne jirgin ajiya, wanda rundunar sojan ruwa ta kashe injinsa ta rufe shi, amma yana nan cikin lissafinta ko da buƙata za ta taso. Na biyu shi ne jirgin da ya nutse da mutanensa ya zama kabari. A tashar Pearl Harbor da ke Hawai ana ganin bambancin ƙarara. Jirgin Arizona yana kwance a ƙarƙashin ruwa tun harin da Japan ta kai ranar 7 ga Disamba 1941, inda mutum 1,177 na cikinsa suka mutu, an gina dandalin tunawa a kansa, amma jirgin kansa ba wurin da baƙi ke shiga ba ne. Kusa da shi kuwa jirgin Missouri yana tsaye a kan ruwa, baƙi suna hawa suna sauka kowace rana. Arizona kabari ne, Missouri gidan tarihi.

Babban jirgin yaƙi mai sulke shi ne wanda aka lulluɓe da ƙarfe mai kauri aka kuma ɗora masa igwa mafi girma, domin ya fuskanci irinsa a tsakiyar teku. Jirgin Dreadnought da Birtaniya ta ƙera a 1906 shi ya zama abin koyi ga sauran ƙasashe. Missouri, wanda ya fara aiki a 1944, tsawonsa mita 270 ne, kaurin sulken gefensa kimanin santimita 30, yana da manyan igwa tara masu faɗin baki inci 16, kowace tana iya cilla harsashin da ya haura tan ɗaya zuwa nisan kilomita 38 ko kusa da haka. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna cewa jirgin sama ya fi ƙarfin sulke, domin jiragen sama ne suka nutsar da Prince of Wales na Birtaniya a Disamba 1941, su ne kuma suka nutsar da Yamato na Japan a Afrilu 1945. Daga nan ƙasashe suka karkata ga jiragen ruwa masu ɗauke da jiragen sama, aka riƙa sayar da tsofaffin manyan jiragen ɗaya bayan ɗaya ana yanka su.

Waɗanda suka tsira ba su da yawa. A Amurka akwai takwas, wato Texas, North Carolina, Massachusetts, Alabama, Iowa, New Jersey, Missouri da Wisconsin, sai kuma Mikasa a Japan. Birtaniya, wadda ta taɓa zama kan gaba a wannan fage, ba ta ajiye ko ɗaya daga manyan jiragen da suka biyo bayan Dreadnought ba. Warspite, wanda ya yi yaƙin duniya biyu, ya maƙale a gaɓar Cornwall a 1947 ana kan hanyar kai shi mayanka, aka kuma farfasa shi a can, Vanguard kuwa aka yanka shi a 1960. Jirgin Belfast da ke kan kogin Thames a Landan tun 1971 gidan tarihi ne, amma ba ya cikin wannan ajin, domin matsakaicin jirgi ne.

Abin lura shi ne ba gwamnatin tarayya ce ta fi ceto jiragen Amurka ba. Yawanci rundunar sojan ruwa tana miƙa jirgin ne ga jiha ko birni ko wata ƙungiya mai zaman kanta bisa sharuɗɗan kula da shi, wanda ya karɓa kuma shi zai nemo kuɗin jawo shi da shirya masa mazauni. A North Carolina, a farkon shekarun 1960, an yi gangamin tara kuɗi a faɗin jihar har 'yan makaranta suna kawo 'yan silallansu, aka kawo jirgin North Carolina birnin Wilmington a 1961. An yi irin wannan a Alabama, inda jirgin ya isa birnin Mobile a 1964. Sunan jihar da jirgin yake ɗauke da shi ne ya sa mutane suka ɗauke shi nasu.

Wanda ya hau Missouri zai tarar da wani zagayayyen allon tagulla a kan doron jirgin, daidai inda aka ajiye teburin da wakilan Japan suka sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945 a mashigin tekun Tokyo, a gaban Janar Douglas MacArthur. A gefen dama na jirgin kuma akwai lotsawa a jikin ƙarfen da aka bari ba a gyara ba, wadda ta samo asali daga ranar 11 ga Afrilu 1945, lokacin da wani matuƙin jirgin saman Japan ya afka wa jirgin da gangan. Washegari kyaftin ɗin, William Callaghan, ya ba da umarni aka yi wa gawar matuƙin jana'izar soja aka sa ta a teku. A ganina wannan lotsawar tana daga cikin abin da ya fi cancantar a adana a jirgin, domin tana sa mai ziyara ya tuna cewa mutane ne suka mutu a ɓangarorin biyu, abin da girman igwa kan sa a manta. Jirgin ya kuma yi yaƙin Koriya, ya harba makamai masu linzami a Yaƙin Tekun Fasha na 1991, aka sallame shi a 1992, aka buɗe shi ga jama'a a 1999.

Sai dai ainihin nauyin wannan aiki yana ƙarƙashin ruwa, inda baƙo ba ya gani. Lokacin da jirgi yake aiki, sojoji fiye da dubu suna kankare tsatsa suna shafa fenti kullum, kuma ana fitar da shi daga ruwa a kai a kai a duba gindinsa. Da ya zama gidan tarihi sai aikin ya koma hannun ma'aikata ƙalilan da 'yan sa kai, yawancinsu tsofaffin sojoji, alhali ruwan gishiri yana cin ƙarfen daga waje, raɓa da ruwan sama suna cinsa daga ciki. Don haka ake liƙa wa jikin jirgin dunƙulallen ƙarfe mai saurin cinyewa domin tsatsa ta kama shi ta ƙyale jirgin, ake sa na'urorin busar da iska a ɗakuna, ake ajiye famfunan zuƙe ruwa. Duk da haka dole wata rana a ja shi zuwa busasshen kwarmin gyara, a janye ruwan, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a yi waldar sabo.

Jirgin Texas ya nuna abin da jinkiri yake jawowa. Ya fara aiki a 1914, shi kaɗai ya rage daga irin jiragen Dreadnought da suka ga Yaƙin Duniya na Farko, kuma ya zama gidan tarihi a 1948 a San Jacinto kusa da Houston. A shekarun 1960 an zuba kankare a doronsa a madadin katakon da ya ruɓe, sai ruwan sama ya riƙa bi ta tsagogin kankaren yana cin ƙarfen da ke ƙasa, har aka fasa shi aka cire daga baya. A 2012 da 2017 ruwa ya ɓalle cikinsa har ya karkata. Majalisar jihar ta ware dala miliyan 35 a 2019, aka ja shi zuwa Galveston a Agusta 2022, ya shafe wata goma sha takwas a kan busasshen dandamali ana sauya masa ƙarfe, aka mayar da shi ruwa a Maris 2024.

Japan ta bi wata hanya dabam da Mikasa, wanda aka ƙera a Ingila, kuma a kansa Admiral Togo ya jagoranci nasarar da aka yi a kan Rasha a yaƙin teku na Tsushima a 1905. Bayan yarjejeniyar taƙaita jiragen yaƙi ta Washington ta 1922, an yarda a bar shi a matsayin abin tunawa, aka dasa gindinsa cikin kankare a Yokosuka. Bayan 1945 an kwashe igwoginsa da sauran kayan samansa, har aka mayar da shi gidan rawa da wurin kallon kifi, sai a 1961 aka kammala maido da kamanninsa, da goyon bayan Admiral Chester Nimitz na Amurka. Dasa shi a kankare ya raba shi da haɗarin nutsewa, amma ya kuma hana a taɓa ɗaga shi a duba gindinsa kamar yadda aka yi wa Texas, kuma yawancin abin da ake gani a samansa yau, har da manyan igwogin, kwaikwayo ne da aka ƙera lokacin gyaran.