Kafin ka ɗauke yaro daga sakandare a Amurka, leƙo ofis tukuna

Aikina rajistar ɗalibai ne a wata gundumar makarantu a nan Amurka. Da yake ni kaɗai ke jin Hausa a ofishin, duk wayar da ta shafi mutanenmu teburina take faɗowa. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. An tare ni da su a gidan suna ana tsakiyar rabon shinkafa, an tare ni a filin Idi. Ga su nan na rubuta, wanda ya sake tambaya ta in tura masa.

Malama, sau uku kuna kirana, har da wasiƙa. Ɗana ne, na mayar da shi gida. Ina ruwanku?

Ɗanka ne, Alhaji, ba mai ja da kai. Amma sunansa yana cikin littafinmu, kuma ba ya fita sai da rubutu. Ka zo ka gaya mana inda ya tafi. Minti goma ne.

In ban zo ba fa?

Sai a rubuta shi cikin waɗanda suka yar da karatu. Yaro yana can Zinder ko Kano yana ɗaukar na ɗaya a aji, a nan kuwa fayil ɗinsa yana cewa ya gudu daga makaranta. In kuma bai kai shekarun da doka ta yarda a bar makaranta ba, ana iya buɗe maka shari'ar fashin makaranta. A Texas tilas ne har shekara 19, a birnin New York har ƙarshen shekarar karatun da ya cika 17. Kowace jiha da nata.

Wai wane lissafi ne wannan da kuke ta tsoro?

Lissafin yawan masu kammala sakandare ne. Duk yaran da suka shiga aji 9, ajin farko na sakandare a nan, karo na farko a shekara ɗaya, rukuni guda ne. Bayan shekara huɗu a ƙirga nawa ne a cikinsu suka karɓi cikakkiyar difloma. Wanda ya shigo daga wata makaranta a tsakiya, a ƙara shi. Wanda ya fita, ba a cire shi sai da ɗaya daga cikin 'yan dalilan da dokar tarayya ta lissafa: ya koma wata makarantar da ke ba da difloma, ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa, an kai shi gidan yari ko gidan horon yara, ko ya rasu. Kowanne kuma da takardarsa.

Ɗauki misali. Yara 200 suka shiga aji 9, daga baya 20 suka ƙaru, 15 suka tafi, 180 suka kammala. In muna da takardun 15 ɗin nan, 180 ne cikin 205, kusan kashi 88 cikin ɗari. In babu, 180 ne cikin 220, kashi 82 ma bai cika ba. Yara ɗaya, malamai ɗaya, koyarwa ɗaya, bambancin kawai takardu 15 da ba a kawo ba. Dokar ilimi ta ESSA da Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015 ta ce duk sakandaren da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibanta ko fiye ba sa kammalawa, dole jiha ta saka ta cikin jerin waɗanda za a sa wa ido a yi musu garambawul. Makarantun unguwanninmu na baƙi su ne suka fi kusa da bakin wannan ramin, domin mu ne masu yawan tashi.

Na tura miki hotonsa ta WhatsApp sanye da yunifom. Bai isa ba?

Na gani, ya yi ƙiba, Allah Ya raya. Bai isa ba.

Mun koma Ohio ne kawai, ba barin ƙasar muka yi ba.

To ke naki ya fi tsauri, Hajiya. Wanda ya bar ƙasar, rubutaccen bayani ya wadatar. Wanda ya koma wata makaranta a cikin Amurka kuwa sai mun ga shaida daga sabuwar makarantar cewa ya shiga: ko su nemi fayil ɗinsa daga wurinmu, ko su aiko takarda da hatiminsu. "Za mu sa shi makaranta in mun isa" niyya ce, ba shaida ba. Ki gaya wa sabon ofishin sunan tsohuwar makarantarsa daidai, sauran aikin namu ne da su.

Ina so in mayar da yarona gida shekara ɗaya ko biyu ya sami tarbiyya da karatun Alƙur'ani, sannan ya dawo ya ƙarasa. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya a bakin masallaci, ka yi masa godiya ka wuce. Ba zan ce ka kai shi ba, ba zan ce kada ka kai shi ba. Ka fi ni sanin ɗanka. Abin da zan gaya maka shi ne inda ake tuntuɓe.

Na farko, yadda za a rubuta tafiyar. Jagorar Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta sauƙaƙa: in uba ko uwa suka zo suka ce iyali ko yaro zai bar ƙasar, jami'in makaranta ya rubuta wannan maganar ya saka a fayil, ta isa. Ba a neman wata takarda daga Najeriya ko Nijar. Sai dai jihohi da gundumomi suna iya ƙara nasu sharaɗin, wasu sai ka sa hannu a fom ɗinsu, wasu su so sanin gari da ranar tafiya. Texas ma lamba take ba kowane dalilin fita: 16 ga wanda ya koma ƙasarsa, 60 ga mai karatu a gida, 98 ga wanda ba a san inda ya shiga ba, kuma wannan 98 ɗin ita ce ake ƙirgawa da yar da karatu. Akwai kuma bambanci tsakanin ƙaura da doguwar ziyara. In ka ce mini "wata uku zai yi ya dawo", ba zan iya rubuta ƙaura ba, fashi ne mai tsawo, kuma a jihohi irin su Pennsylvania da Oregon kwana 10 a jere ya isa a sauke sunan yaro daga rajista. Ka faɗi gaskiyar abin da ka shirya. In kai ma ba ka yanke ba, ka faɗi hakan, mu duba abin da ya fi dacewa.

Na biyu, agogo ba ya tsayawa. Yaron da ya shiga aji 9 a nan, ya tafi ya dawo, a mafi yawan lokuta rukuninsa na farko ake mayar da shi. Wannan ciwon kan makaranta ne, kada ya dame ka, ba zai hana shi difloma ba, wasu jihohin ma suna fitar da lissafin shekara biyar da shida. Abin da ya shafe ka shi ne shekarunsa. A jihar New York haƙƙin karatu kyauta yana tsayawa a 21, wasu jihohin kuma kusa da haka. Yaron da ya tafi yana 16 ya dawo yana 19 da kiredit shida a hannu, wato darussa shida kacal da aka ƙirga masa ya ci, hanya ta yi masa tsawo, lokaci ya yi masa gajere.

Na uku, kiredit ɗin kansa. Difloma a nan tara darussa ake yi ɗaya bayan ɗaya. Texas da jihar New York mafi ƙaranci 22 suke nema. Aji 9 shi ne daidai da JSS3 a Najeriya, aji 10 zuwa 12 kuma SS1 zuwa SS3.  In yaro ya shiga makarantar boko mai rajista a gida, ya dawo da sakamakon kowane zango mai sunan darasi da maki da hatimi, galibi ana karɓar Lissafi da Kimiyya da Turanci. Na ce galibi. Mai ba ɗalibai shawara a makarantar shi ke dubawa, kuma na ga takarda iri ɗaya an karɓe ta a wata makaranta an yi mata gardama a wata. Sakamakon Nijar da Faransanci yake zuwa, sai an fassara. Tarihin Amurka da tsarin mulkinta kuwa ba wanda zai koya masa a Katsina, suna nan suna jiransa. Tsangaya da makarantar hadda zalla, ladansu yana wurin Allah, amma da wuya ka samu kiredit ko ɗaya daga gare su. Masu dabara suna neman makarantar da ta haɗa hadda da boko.

Akwai wani yaro da ya dawo mana bayan shekara biyu. Mahaifinsa ya zaro wata takarda daga aljihun jaket, an ninke ta huɗu, shafin littafin rubutu ne da biro shuɗi: yaro mai ladabi ne, ya yi ƙoƙari, sai sa hannun hedimasta. Ba darasi, ba maki, ba kwanan wata. Yaron kuwa da aka gwada shi, lissafinsa ya fi na 'yan ajin da ya bari. Sai da muka yi wata biyu ana waya da wani kawunsa kafin ainihin sakamakon ya iso, a lokacin zango ya yi nisa yana zaune a ajin da ya riga ya wuce.

Na huɗu ba fannina ba ne, amma sai na faɗa. In yaron ɗan ƙasa ne mai fasfo ɗin Amurka, ba matsala. In katin zama gare shi, zama a waje sama da shekara ba tare da izinin dawowa ba yana iya cinye katin. Wannan lauyan shige da fice za ka tambaya, ba ni ba, ba kuma abokinka direban tasi ba.

In ka ga za ka iya zaɓar lokaci, ni dai a ganina kafin aji 9 ya fi sauƙi ta kowace fuska. In ya riga ya shiga, bari zango ya ƙare maki ya shiga littafi, ka karɓi kwafin sakamakonsa, sannan ka sayi tikiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuna zuwa mini da akwatuna a bayan mota jirgi saura awa biyar, kuna cewa in yi sauri.

Ya yi GED, jarrabawar nan da ake yi a madadin difloma. Ai ya gama ke nan?

Ya sami abin neman aiki da shiga wasu kwalejoji, madalla. A lissafinmu ba ya cikin waɗanda suka kammala, kuma ba a cire shi daga rukuni.

Makaranta ta ce in sa hannu cewa a gida zan koyar da shi, wai ya fi mana sauƙi.

Za ki koyar da shi ɗin? Ke da kike fita aiki ƙarfe shida na safe? In a'a, kada ki sa hannu. Wannan tsohuwar dabara ce ta sauke yaron da ke fashi ko faɗuwa daga lissafi: ya fita a takarda da sunan mai karatu a gida, alƙaluman makaranta su yi kyau, shi kuma ya zauna gaban talabijin. Ki ce a ba ki fom ɗin ki je gida da shi. Ki nemi tafinta, haƙƙinki ne kuma ba a biya. Ni ma'aikaciyar gunduma ce nake gaya miki wannan.

To me ya sa ba ku yarda da bakin mutum? Mu ba maƙaryata ba ne.

Ba ku ake zargi ba, mu ake zargi, kuma da dalili. A 2003 aka bankaɗo cewa sakandaren Sharpstown a Houston ta kai rahoton cewa ko ɗalibi ɗaya bai yar da karatu ba. Da jiha ta binciki makarantu 16 na birnin, sai ta tarar fiye da rabin yara kusan 5,500 da suka fita ya kamata a ƙirga su cikin masu yar da karatu, an rubuta musu wasu dalilai. Tsohon shugaban gundumar, Rod Paige, shi ne sakataren ilimi na ƙasa a lokacin. A 2005 gwamnonin jihohi 50 suka amince da hanyar ƙirga guda, a 2008 tarayya ta mayar da ita ƙa'ida. Lissafin farko na ƙasa baki ɗaya, na 2010 zuwa 2011, ya ba da kashi 79. Zuwa 2019 da 2020 ya kai 87. Duk da haka ba a daina ba: a 2015 Chicago ta rage alƙalumanta bayan 'yan jarida sun gano ana rubuta masu yar da karatu a matsayin waɗanda suka canza makaranta, Alabama ma ta amsa a 2016 cewa nata sun kumbura. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mai bincike in ya zo ba ya hira, sunaye yake zaɓa daga jeri ya ce a ɗauko fayil. Ya buɗe, ya ga takarda ko bai gani ba.

Takarduna ba su cika ba. In na zo ofis ba za a kai sunana ba?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Plyler cewa kowane yaro yana da haƙƙin makarantar gwamnati ko da wace irin takarda iyayensa ke zaune. Fom ɗin fita ba ya tambayar bizarka. Dokar FERPA ta 1974 ta hana mu miƙa fayil ɗin ɗalibi ga kowa haka kawai; akwai togaciya, kamar umarnin kotu, ba zan ɓoye maka ba. In duk da haka zuwan ya yi maka nauyi, ka rubuto wasiƙa da sa hannu da kwanan wata, ka tambayi ofis ko ta wadatar.

Yarinyar ta rasu a gida lokacin hutu, wasiƙunku ba su daina zuwa ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ku haƙuri. Ku yafe mana, kwamfuta ce ke turawa. Layi biyu daga hannun mahaifi ko mahaifiya ya isa, ba sai kun nemo takardar asibiti ba. Wani ɗan'uwa ma ya kawo.

An riga an rubuta shi ya yar da karatu tun bara. Ana gyarawa?

Sau da yawa ana yi. Kuna da haƙƙin ganin fayil ɗin, doka ta ba makaranta kwana 45 ta nuna muku, kuna kuma da haƙƙin neman a gyara kuskure. In ya cika 18, haƙƙin ya koma hannunsa, shi zai nema. Jiha tana da ranar rufe gyaran alƙaluma, in ta wuce lissafin makaranta ya tafi ke nan, amma fayil ɗin yaron ana iya daidaita shi. Ku zo da abin da kuke da shi, tikiti ko sakamako ko tambarin fasfo. Ku zo da safe, kuma ba ranar Litinin ba.