Tattalin Arzikin Wutar Iska da Rabon Al'ummar da Ke Kusa

Wutar iska ita ce lantarkin da ake samu idan iska ta juya farfelar injin da aka ɗora a kan doguwar hasumiya, farfelar kuma ta juya janareta. Iskar kyauta ce. Amma injin, da kankaren da aka kafa shi a kai, da hanyar da manyan motoci za su bi, da wayoyin da za su kwashe wutar, duk sai da kuɗi, kuma mafi yawan kuɗin ana kashe su ne tun kafin farfela ta yi juyin farko. Wannan ne ya bambanta tashar iska da tashar gas ko ta kwal, wadda kullum sai an saya mata makamashi. Shi ne kuma ke yanke wanda zai ci ribar aikin: mai jari, ko mai fili, ko mutanen da za su zauna da injinan shekara 20 zuwa 25.

A shekarar 2023 ƙarfin injinan iska na duniya baki ɗaya ya haura megawat miliyan 1 (megawat ma'aunin ƙarfin lantarki ne, daidai da kilowat 1,000), kuma ƙasar Sin ce ke da kaso mafi girma. Hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya, IRENA, ta ƙiyasta cewa matsakaicin kuɗin samar da kilowat-awa ɗaya, wato yunit ɗaya na wuta a mita, daga sabbin tashoshin kan tudu ya sauko daga kimanin santi 11 na dalar Amurka a 2010 zuwa santi 3.3 a 2023.

Abin da ke sa aiki ya biya

Na farko wuri ne. Ƙarfin da ke cikin iska ba daidai yake hawa da gudunta ba: idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa yake sau takwas. Don haka tudu biyu da ke kallon juna na iya bambanta ƙwarai wajen kuɗin shiga, kuma banki ba ya sakin rance sai an kafa sandar awo an auna iskar wurin na aƙalla shekara guda. Injina na fara aiki idan iska ta kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, suna tsayawa idan ta kai wajen mita 25 don kada su lalace. Akwai kuma iyakar da masanin Jamus Albert Betz ya bayyana: babu farfelar da za ta iya kwashe fiye da kashi 59.3 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa ta.

Saboda iska tana zuwa tana tafiya, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa ko da yaushe. A shekara akwai awa 8,760. Injin megawat 1 da ya ba da kashi 30 cikin 100 na iyakar ƙarfinsa zai samar da megawat-awa 2,628. Wannan adadi, a ninka shi da farashin wuta, shi ne dukan abin da za a biya bashi da gyara da haya da haraji daga ciki.

Na biyu shi ne kuɗin ruwa, kuma sau da yawa ya fi iskar kanta tasiri. Wanda ya ranci 100 zai biya cikin shekara 20 a kan ruwa kashi 4, kowace shekara zai riƙa biyan kimanin 7.4. Idan ruwan kashi 12 ne, biyan ya koma kimanin 13.4. Inji ɗaya ne, iska ɗaya ce, amma nauyin bashin ya kusa ninkawa. Dalili ke nan da ƙasashe masu iska mai kyau amma bashi mai tsada ke samar da wuta da tsada fiye da ƙasashen da iskarsu ba ta kai ba. Abin da ke sauko da ruwan shi ne tabbacin mai saye, wato yarjejeniyar sayen wuta ta shekaru masu yawa a kan farashin da aka sani.

Hanyoyin da kuɗi ke isa ga mutanen wuri

Mafi sauƙi ita ce hayar fili. Hasumiya ba ta cin wuri mai yawa, manomi na ci gaba da noma da kiwo a kewayenta yana karɓar kuɗin haya duk shekara, kamar yadda ake yi a jihohin Texas da Iowa na Amurka. Matsalarta a bayyane take: mai filin ne ke karɓa, maƙwabcin da ke jin ƙarar farfela da ganin inuwarta tana wulgawa a bangonsa ba shi da komai. Rigingimu da yawa daga nan suke tasowa.

Sai asusun al'umma. A Scotland gwamnati ta ba da shawarar kamfani ya riƙa biyan fam 5,000 kan kowane megawat duk shekara ga yankin da tashar take, ko da yake ba dole ba ne. A Jamus doka ta ba kamfani damar biyan santi 0.2 na yuro kan kowane kilowat-awa ga ƙananan hukumomin da ke cikin kilomita 2.5 daga injin. A Afirka ta Kudu, shirin gwamnati na sayen wuta daga 'yan kasuwa da aka fara a 2011 ya sanya sharaɗin cewa al'ummar da ke kusa ta mallaki aƙalla kashi 2.5 cikin 100 na aikin. Sai dai da yake hannun jarin yawanci da bashi ake saya wa al'umma shi, rabon riba mai kauri kan jinkirta har sai an rage bashin.

Ayyukan yi, waɗanda ake yawan alkawarta wa mutane a taron farko, lokacin gini suke da yawa. Da an gama, 'yan ƙalilan masu gyara ne ke rage, su ma sau tari daga wani gari suke zuwa.

Mallakar al'umma

Inda rabon ya fi tsoka shi ne inda mutanen wuri suka zama masu injin. Denmark ce ta yi fice a nan: tun daga ƙarshen shekarun 1970 iyalai ke haɗa kuɗi ta ƙungiyoyin gama kai su sayi inji ɗaya ko biyu. Tashar Middelgrunden da ke cikin teku kusa da Copenhagen, wadda aka gina a 2000 da injina 20 masu megawat 2 kowanne, rabinta na kamfanin wuta na birnin ne, rabi kuma na ƙungiya mai mambobi sama da 8,000. Daga 2009 doka ta wajabta wa mai gina sabuwar tasha ya tallata kashi 20 cikin 100 na hannun jari ga mazauna yankin, har zuwa 2020 da aka maye gurbin tsarin da biyan kuɗi kai tsaye ga maƙwabta da ƙananan hukumomi. A tsibirin Gigha na Scotland kuwa, mutanen da suka sayi tsibirinsu a 2002 sun kafa tsofaffin injina uku da aka taɓa amfani da su, suna sayar da wutar don kuɗin shiga na asusun tsibirin.

Jamus ta nuna yadda doka ke raya irin wannan mallaka, da yadda take takura ta. Dokar 1991, sannan dokar makamashi mai sabuntawa ta 2000, sun tilasta a karɓi wutar ƙananan masu samarwa, ta 2000 kuma ta tsayar da farashi na shekara 20. Da wannan tabbaci, ƙungiyar manoma na iya zuwa banki ta samu rance. A 2017 aka koma tsarin gasa, inda mai farashi mafi ƙasa ke cin kwangila. Gasa tana sauko da farashi, amma tana buƙatar a kashe kuɗin bincike da neman izini ba tare da sanin ko za a ci ba. Babban kamfani mai ayyuka da dama zai iya jure asarar ɗaya, ƙungiyar ƙauye mai aiki guda ba za ta iya ba. An yi wa ƙungiyoyin 'yan ƙasa sassauci a shekarar farko, suka kwashe mafi yawan kwangilolin, sai aka gano da yawansu ƙwararrun kamfanoni ne ke bayansu, aka janye babban ɓangaren sassaucin.

Mallaka kuma tana zuwa da kasada. Shekarar da iska ta yi ƙaranci ko giyar injin ta lalace, rabon riba ne ke fara tafiya. Kuma mai abin hannu ne ke iya sayen hannun jari, don haka ko a cikin ƙauye ɗaya ribar na iya taruwa a gidaje kaɗan.

Layin dako, ƙasa da haƙƙi

Tashar tafkin Turkana a gundumar Marsabit ta Kenya, mai injina 365 da ƙarfin megawat 310, tana wurin da iska ke da kyau ƙwarai. An gama kafa injinan a 2017, amma layin dakon wuta mai tsawon sama da kilomita 400 bai kammala ba sai 2018, kuma bisa yarjejeniya sai da aka biya kamfanin kuɗin wutar da babu hanyar kwasarta. A 2021 wata kotu a Meru ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen mallaka filin, wanda makiyaya ke kiwo a cikinsa. A shekarar ce kuma kotun ƙolin Norway ta yanke cewa lasisin tashoshi biyu a yankin Fosen ya tauye haƙƙin makiyayan wata irin barewa ta ƙasashen sanyi (reindeer) na ƙabilar Sami, alhali an riga an gina injinan. Sai a 2023 da 2024 aka cim ma sulhu da makiyayan. Filin da ba shi da takarda ba yana nufin ba shi da masu shi ba, kuma shari'a bayan gini ta fi tuntuɓa kafin gini tsada nesa ba kusa ba.

Akwai wata matsalar da nasara ke haifarwa. Idan injina suka yi yawa a yanki guda, duk lokaci ɗaya suke samar da wuta, sai farashi ya faɗi a daidai sa'ar da suke da abin sayarwa, wani lokaci har ƙasa da sifili a kasuwannin Turai. Idan kuma waya ta cika, sai a umarci wasu su tsaya. Manyan batura da layukan da ke haɗa ƙasashe suna rage wannan, amma kuɗinsu ƙari ne a kan lissafi.

Idan wa'adin inji ya ƙare, ko dai a tsawaita aikinsa, ko a sauke shi a kafa sabo mafi girma a wurin, ko a kwashe komai. Ƙarfen hasumiya da tagullar waya suna da kasuwa, amma farfela da aka yi da zaren gilashi da ƙaro tana da wuyar sake sarrafawa. Saboda haka hukumomi da dama ke neman kamfani ya ajiye kuɗin jingina tun farko, don kada ɗawainiyar rushewa ta faɗa kan mai fili ko ƙaramar hukuma idan kamfanin ya karye.