An sa sabon bawul a zuciya ba tiyata, amma haki bai tafi ba

Jama'a, da yawa daga cikin waɗanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata wa bawul ɗin zuciya na hagu, wato ƙyauren da ke hana jini komawa baya, wanda likitoci ke kira maitiral, an yi musu tiyata an sa wanda aka yi da naman jikin dabba. Irin wannan yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 15. Yanzu akan zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi a dasa sabo cikin tsohon, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Amurka ta amince da wannan hanya a 2017.

Sai dai akwai wani tarko. Ƙofar da jini ke shiga ɗakin hagu na zuciya da wadda yake fita zuwa jiki maƙwabta ne, marfi ɗaya na bawul ɗin ne a tsakaninsu. Idan sabon bawul ya buɗe, yana iya tura marfin nan ya tokare hanyar fita, kamar ka wangale ƙyauren ɗaki ya tare zaure. Jini ya shiga, fita ta gagara. Sai haki, jiri, sanyin hannu da ƙafa, wani har ya some.

Shi ya sa kafin aiki ake ɗaukar hoton siti sikan a auna filin da zai rage. In ya yi kaɗan, akwai dabara biyu: a tsaga marfin da waya mai lantarki, aikin da ake kira LAMPOON, ko a ɗiga sinadarin alkohol kaɗan a jijiyar da ke ciyar da bangon tsakiyar zuciya don ya motse, a jira makonni. Na biyun wani lokaci yakan kai ga sa batirin zuciya. Ku tambayi likita ƙarara: “An auna hanyar fitar jinina?”

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an dawo gida. Mutum ya ji haki, sai ya aika yaro kemis a sayo masa Lasix, maganin sa fitsari da ke rage ruwan jiki, tunda da shi ya saba. A wannan matsalar, ƙarancin ruwa a jiki ƙara matse hanyar yake yi. Haka ma zawo, amai, ko azumi a zafin bazara. Kada a ƙara maganin fitsari ko na hawan jini, kada kuma a daina wanda aka rubuta, sai likitan zuciya ya duba da na'urar eko mai ɗaukar hoton zuciya. Wanda ya some, a ɗauko takardun aikinsa a wuce asibiti nan take.